Noeleen Pybus, Wadda Ta Hana Kwali Jin Ɗumi

Kafin gari ya gama wayewa, Noeleen Pybus ta riga ta kankare ƙanƙarar da ta kwana a gilashin a-kori-kurarta. Da tsohon cokalin suya take yi, tana kankara tana yi wa sanyin faɗa ƙasa-ƙasa, kamar maƙwabcin da suka daɗe suna rigima amma ba wanda ya tashi ya bar wa wani unguwar. Daga nan sai bayan gidan waya na garin Bothwell, inda buhuna ke jiranta. Wasiƙu a kwando, maganin tsofaffi a jakar da ke gefen giyar mota, ƙarafan gyaran tarakta da abincin kare a baya inda iska ke dukansu. Kwalin da ta ga alamar na'ura ce a ciki kuwa, ko batir, ko wani kayan kwamfuta, ba ya zuwa baya. Kujerar gaba take ba shi, ta lulluɓe shi da bargon ulu mai ruwan toka, ta ɗaura masa bel.

Sannan ta hau tudu. Shekara talatin da 'yan kai ke nan tana bin wannan hanya zuwa Babban Tafki ta dawo, kuma ƙarshen watan nan za ta miƙa makulli. Shi ya sa ya dace a faɗi wani abu a kanta tun tana iya karantawa ta yi tsaki.

A wajenmu ba a jefar da firij idan ya mutu. Bakin ƙofar gona ake kai shi, a rubuta sunan gida a jikinsa da fenti, ya zama akwatin wasiƙa. Ruwa ba ya shiga, dabba ba ta buɗewa, kuma abin da aka sa a ciki ba ya shan sanyi kamar na waje. Noeleen ta san halin kowanne: wanda sai an daka shi da gwiwa yake buɗewa, da wanda gizo-gizo ya daɗe da mallakewa. Idan ta buɗe ta tarar da wasiƙar shekaranjiya ba a ɗauka ba, ba ta wucewa. Shiga take yi har gidan ta buga ƙofa. Merv Cashion yana faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare cewa da ba don wannan hali nata ba, da a rumfar itace ya ƙare da karyayyen ƙugu.

Maganar kwali da bargo kuwa, ba da ita aka haife ta ba. A wajen Rohan Deshpande ta koya, wani mai aikin kwamfuta da ya baro birni ya sayi ɗan gida a bakin tafki yana aikinsa daga can. A sanyinsa na farko a nan, aka kawo masa wani allo mai tsada na cikin kwamfuta, kwalin ya kwana a waje. Da safe ya ɗauko shi da ɗoki, ya shiga ɗaki mai ɗumi, ya farke leda ya jona. Ƙara ɗaya ya ji da ɗan wari, shi ke nan. Noeleen ta zo ta same shi ya zuba tagumi.

Ta ce, "Sanyi ya kashe shi ko?"

"Ni na kashe shi," in ji Rohan. "Sanyin bai yi masa komai ba. Dubi tabaronki."

Shigowarta ke nan daga waje, tabaron ya yi fari fat, ba ta ganin komai.

"To abin da ya faru a jikinsa ke nan. Ƙarfe mai sanyi ya gamu da iska mai ɗumi, sai ya yi gumi. Ni kuma na sa wa gumin wuta. Da na bar shi a rufe cikin ledarsa har sanyin ya sake shi a hankali, da yanzu aiki yake."

"Mai ilimi da kai?"

"Ilimin yana nan, Noeleen. Haƙurin ne babu."

Tun daga ranar ba ta ƙara barin irin wannan kaya a bakin hanya ba idan dare zai daskare. In mai gida ba ya nan, komawa take da shi, ta sake kawowa. Ta sha mita a kan haka, wasu har sun ce ta cika iyayi, kaya ai ba jariri ba ne. Ba ta taɓa yin musu ba. Alƙalaminta baƙi kawai take zarowa ta rubuta a jikin kwalin cewa a bar shi a rufe sai gobe.

Abin da ya sa na ɗauki nawa alƙalamin shi ne labarin Athol Hingston. Athol makiyayin tumaki ne, ya doshi tamanin. Matarsa Dulcie ta rasu shekarun baya kaɗan. Mace ce mai son ɗaukar bidiyo da wata 'yar kyamara, ta ɗauki askin tumaki, ta ɗauki karnuka, ta ɗauki mijinta yana abin kunya, amma kullum ita ce a bayan kyamara, don haka ba a ganinta, muryarta kawai ake ji. Duk abin da ta ɗauka yana cikin faifan ajiyar tsohuwar kwamfutarta, irin na da, mai juyawa a ciki. Bayan jana'iza 'yarsu Karyn ta cire shi ta tafi da shi birnin Perth mai nisa da niyyar kwafewa, zuciyarta ta kasa, ya zauna a durowa. Babu wani kwafi a ko'ina.

Wata rana a bakin firij Athol ya ce wa Noeleen, idonsa a kan tumaki, "Fuskarta tana nan a bango. Muryar ce. Ina rufe ido in nema, sai in ji tawa." Ya ce ya kira Karyn ta aiko masa da abin. Daga nan kullum sai ya tambaya ko ya iso.

Farkon Satumba ne, ƙarshen hunturu a wajenmu, tumaki na haihuwa, sanyi kuma bai san lokacinsa ya wuce ba. Noeleen ta tsaya a ƙofar gonar Hingston ta ga ƙaramin kwali a ƙasa, jingine da turken shinge, raɓa ta daskare a kansa ya yi fari. Wani direba ne daga birni ya ajiye, bai san firij ɗin akwati ba ne, wataƙila ya ɗauka bola ce. Ta goge da hannun riga ta ga sunan Karyn a wurin mai aikowa. Kwalin ya sandare kamar katako.

Ba kayanta ba ne, kuma ƙa'idar aikinta ta hana ta taɓa abin da wani ya kawo. Ta ɗauka duk da haka, ta shiga har gidan.

A kicin ta sami Athol. Murhun itace na ci, ƙofar tanderun ƙasa a buɗe, ɗan rago sabuwar haihuwa kwance a bakinta kan tsohon buhu yana karkarwa.

"Kin makara," in ji Athol. "Motar ce ta tsufa ko direbar?"

"Duk biyun. Amma har yanzu muna riga ka wanke fuska." Ta ɗaga kwalin. "Ga saƙon Karyn. A ƙasa ya kwana."

Ya karɓa da hannu biyu. Da ya ji sanyinsa sai fuskarsa ta canza. "Kai! Ta daskare." Haka ya ce, ta daskare. Ya juya ya durƙusa, ya matsar da ɗan ragon gefe don ya samar wa kwalin wuri a bakin tanderu, ɗaya hannun kuma yana laluben wuƙa a aljihu.

Wannan ba wauta ba ce. Duk wanda ya girma a tudun nan haka aka koya masa. Abin da ya shigo daga sanyi, ɗan rago ne, kare ne, mafarauci ne da ya ɓata, wuta ake kai shi da sauri, tambaya ta biyo baya. Rayuka da yawa wannan saurin ya ceta. Hannun Athol ya yi abin da ya saba tun yana yaro.

"Athol, tsaya! Kada ka yanka leda, kada ka kai shi wuta."

"Ke kuma fa?"

"Wannan ba rago ba ne. In ya ji zafi yanzu gumi zai yi, in ka jona shi da gumin, an gama. Sai sanyin ya sake shi da kansa."

"Har yaushe?"

"Yini guda. In so samu ne, sai gobe."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Shekara nawa ina jira, ki ce gobe? Ki je ki raba takardunki, 'yar nan."

Ta sa hannu ta ɗauke kwalin daga gabansa. Ita kanta ta ce ba ta san lokacin da ta yi ba. Ya miƙe a hankali, da kyar, yana dafa tebur.

"Sunan wa aka rubuta a jiki?"

"Naka."

"Matar wa ce a ciki?"

"Taka."

"To ajiye. In kika fita ƙofar nan da shi, sata kika yi, kuma yau ɗin nan zan ɗaga waya in kira ofishinku. Ki ƙare aikinki da sunan ɓarauniya."

A nan ne nake tsayawa duk lokacin da na juya labarin a raina. Athol yana da gaskiya. Kayansa ne, matarsa ce, kuma mutum yana da ikon lalata abinsa da hannunsa. Wa ya naɗa mai kai wasiƙa alƙali a kicin ɗin wani? Da yawa daga cikin muguntar da ake yi wa tsofaffi, da sunan taimako ake yin ta: a ƙwace musu makulli, a yanke musu hukunci, a ce don amfaninsu ne. In ta fita da kwalin, ta shiga wannan sahu, ko da niyyarta fara ce. In kuma ta ajiye ta tafi, ta san kafin ta kai bakin titi ya yanka leda, kuma ta san abin da zai iya rasawa ba a sayar da shi a kanti. Zama ta tsare shi ma ba zai yiwu ba, don akwai maganin mutane a motarta. Ni dai na gwada kowace hanya a zuci, ban sami wadda hannu ke fita da tsabta ba.

Noeleen ta dubi kwalin, ta dubi tsohon. Sai ta miƙa masa.

"Riƙe abinka. Ba zan fita da shi ba. Kai za ka fita da shi."

"Zuwa ina?"

"Zagaye. Ka zauna a gaba, ka ɗora shi a cinya cikin bargo. Zan bar hitar ɗumama mota a ƙasa-ƙasa, ya saki jiki a hankali. Gidan ƙarshe a hanyata na Rohan ne, shi ya san yadda ake jonawa, ya kuma kwafe maka. In ka ƙi, ga wutarka nan, ni na tafi. Amma in ya mutu, kai za ka kira Karyn, ba ni ba."

Athol ya dubi ƙofa. Tun ranar jana'iza bai wuce ƙofar gonarsa ba, maƙwabta ke kawo masa cefane.

"Ɗan ragon fa?"

"Akwai wuri a ƙafarka. Ya fi ka iya zama shiru."

Haka suka fita su huɗu, in an ƙirga da kwalin. Mutanen hanya sun ba da shaidar abin da suka gani a ranar: Athol Hingston a kujerar gaba da hular ulu har kunne, ya rungume bargo, ɗan rago na leƙowa daga kwandon wanki da kwalbar ruwan zafi a gefensa. Ya yi mita a kan sanyin motar, ya yi mita a kan tuƙinta, ya ce ko akwatin gawa ya fi nan ɗumi. Duk lokacin da hannunsa ya nufi maɓallin hita sai ta buge shi.

A ƙofar Merv Cashion, Merv ya dogaro sanda ya fito, ya leƙa ta taga.

"Wa nake gani haka? Athol, ashe kana raye! Mun ɗauka karnuka sun cinye ka."

"Sun gwada, sun ce na yi tauri. Kai fa, har yanzu faɗuwa kake a rumfa don mata su ɗauke ka?"

"Me ka ɓoye a bargo?"

Athol ya ƙara rungume shi. "Dulcie ce," ya ce. Merv ya janye kansa daga taga. Ya koma ciki ya fito da shayi a filas da biskit ɗin alkama, ya miƙa ta taga.

Noeleen ta ce wajen tsakar rana, a kan shimfiɗaɗɗen tudun da babu ko bishiya, ta lura mitar ta ƙare. Ta saci kallo ta ga ya zura hannu cikin bargon ya dafa kwalin, kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Ta fara sakin jiki," ya ce.

"Bar ta a rufe."

"Na ji. Ba kurma ba ne ni."

Da la'asar suka isa bakin tafki. Rohan ya taɓa kwalin, ya ce a ƙara masa lokaci a kan tebur nesa da wuta, suka sha shayi, ɗan ragon ya sha madara ya yi fitsari a kan darduma. Sai da rana ta yi ƙasa Rohan ya yanka leda. Ƙarfen a bushe yake, ba ɗigon laima. Ya jona. Abin ya yi 'yar ƙara, ya ɗan tsaya, sannan ya fara juyawa sumul. Rohan ya ƙi buɗe komai sai da ya kwafe duka zuwa wani wuri, Athol na zaginsa da ɗan birni mai nawa.

Bidiyon farko da ya fito, tarakta ce ta nutse a taɓo har gindi, ga Athol na wancan lokacin tsaye a gefe yana sosa ƙeya. Hoton na rawa saboda mai ɗauka dariya take.

"Na ce maka kada ka bi ta nan, Athol Hingston," in ji muryar Dulcie. "Amma kai kunnenka na ado ne. Ɗaga hannu ka gaida jikokinka, su ga irin kakan da suka samu."

Tsohon bai yi kuka ba, in ji Rohan. Cire hularsa ya yi, ya matso da kujera, ya ce wa allon, "Ai ke kika ce ƙasar ta bushe." Daga nan ya ce a sake sawa.

Noeleen ba ta tsaya na biyun ba. Waje ta fita ta ce za ta juya mota.

Daga baya na tambayi Rohan ko da gaske faifan zai mutu da Athol ya kai shi wuta ya jona. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce wataƙila ya mutu, wataƙila kuma ya tsira, ba wanda zai iya rantsuwa. Wannan amsa ta daɗe tana damuna, daga baya na gane ita ce gaskiyar aikin matar nan gaba ɗaya. Wanda ya kashe gobara kowa ya ga hayaƙi, ana tafa masa. Wanda ya hana ta tashi ba shi da abin nunawa, ko shi kansa ba shi da tabbacin da ma za ta tashi. Kwamfutoci nawa ne a tudun nan suke aiki lafiya, masu su ba su san sun taɓa kusantar mutuwa ba? Ba mai lissafi. Abin da aka riƙe kawai shi ne ranar da kaya ya makara.

Ke ce kika yarda a kira ki mai iyayi, Noeleen, a kan abin da ba za ki taɓa iya tabbatarwa ba. Ke ce kika iya cewa a'a ga wanda kike tausayi, a lokacin da e ta fi sauƙi a baki. Kuma da kika tsaya tsakanin ƙwace wa tsoho kayansa da barinsa ya yi asara, ba ki zaɓi ko ɗaya ba, kika buɗe masa ƙofar mota. Uwar hanya, mai jan ragamar tudu, mun gani ko da ba mu faɗa ba.

Mun gode da safiyoyin da kika fita mu muna cikin bargo. Mun gode da ƙofofin da kika buga ba a aike ki ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, da gwiwar da ba ta ciwo.

Sauran magana ga wanda zai karɓi makullin, da mu duka da ake damƙa wa kayan wani ko ran wani a hannu. Ba a ce mu zama ita ba, ba za mu iya ba. Amma kafin ka ajiye abin mutum a ƙasa ka ce ka sauke nauyi, ɗaga kai ka dubi sararin sama, ka tambayi kanka yadda daren zai kasance.